Na'urar ji ga Baba: wane kamfani ya fi, kuma wa zai saita ta?

Wata 'yar'uwa daga Zariya ta aiko da tambaya. Mahaifinta yana da shekara 76, kuma shekara uku ke nan jinsa yana ja baya. Ana hira a tsakar gida sai ya yi shiru, rediyo kuma sai ya ƙure ta har maƙwabta su ji. Yayanta da ke Ingila ya ce ta zaɓi ɗaya tsakanin Phonak, Oticon da Signia, shi zai saya ya aiko. Tana son sanin wanne ya fi.

'Yar'uwa, Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, ku kuma Ya saka muku da alheri bisa wannan kulawa. Zan gaya miki bambancin waɗannan kamfanoni gwargwadon abin da aiki ya koya mini, amma kafin nan ki roƙi Yaya ya dakata da sayen tukuna. A cikin dattawan da suke zama a gabana, ba kasafai nake ganin wanda sunan kamfani ya cuce shi ba. Wanda nake gani kullum shi ne wanda aka saya wa na'ura mai tsada ba tare da gwaji ba, ko aka saya a inda babu mai saita ta a kusa, ta ƙare a aljihun gado cikin kwalinta.

Ku fara da kai Baba wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Kuna da sa'a, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana kusa da ku, ga kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Likita zai leƙa kunnen, domin wani lokaci dauɗar kunne ce ta taru ta toshe hanya, a wanke ta ji ya dawo da yawa. Wani lokaci dodon kunne ne ya huje tun ƙuruciya, ko ruwa ya taru a bayansa. Ku gaya wa likita in Baba yana da ciwon suga ko hawan jini, da kuma in ya taɓa shan allurai irin su jentamaisin ko siteraftomaisin na tsawon lokaci, don suna iya lalata ji. In kuwa jin ya ɗauke ne farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ko kunne ɗaya ne kaɗai ya mutu, ko ana ganin mugunya, ko akwai jiri mai tsanani, to wannan ya wuce maganar na'ura. Ɗaukewar ji ta farat ɗaya musamman, a kwanakin farko ake ceto ta, kada a kwana da ita ana jiran gani.

Bayan likita sai gwajin ji. Za a sa Baba a ɗaki marar hayaniya, a sa masa abin saurare a kai, a riƙa aika masa sauti daga mai kauri zuwa mai siriri, yawanci daga 250 zuwa 8,000 Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti), ana rubuta inda ya fara ji a kowane kunne. Ku nemi a haɗa da gwajin fahimtar kalmomi, wato a faɗi kalma ya maimaita, kuma in da hali a yi da Hausa. Takardar da za a ba ku ita ce tushen komai. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, rashin desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 20 zuwa 34 ƙarami ne, 35 zuwa 49 matsakaici, 50 zuwa 64 ya fara tsanani, 65 zuwa 79 mai tsanani, daga 80 zuwa sama kuma mai tsanani ƙwarai. Hukumar ta ce fiye da kashi 25 cikin ɗari na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji da ke hana su harkokinsu, don haka ki gaya wa Baba ba shi kaɗai ba ne, kuma ba abin kunya ba ne.

Bari in ɗan tsaya a kan yadda jin tsufa yake raguwa, saboda in kin gane wannan, sauran zaɓin zai zo miki da sauƙi. A can cikin kunne akwai wani abu mai siffar katantanwa, cikinsa da ƙananan gashi masu karɓar sauti. Waɗanda suke karɓar sauti mai siriri su ne suke fara mutuwa, kuma ba sa sake tsirowa. Wasula da karin murya suna cikin sauti mai kauri, su Baba yana jin su. Baƙaƙe irin su s, sh, f, ts da k kuwa suna can sama, su ne suka ɓace masa. Ki ɗauki kalmomin nan: fara, sara, shara, tsara. A kunnen Baba duk sun kusa zama "ara". Shi ya sa za ki ji dattijo yana cewa, "Ina jin muryarku, maganar ce ba na ganewa," ko ya ce yaran zamani ba sa buɗe baki. Muryar mata da ta jikoki ta fi ba shi wahala fiye da ta abokansa maza. Akwai kuma wani abin da yake rikita iyali: kunnen da ba ya jin magana a hankali, shi ne kuma ba ya jure ƙara. Ki yi magana ƙasa-ƙasa bai ji ba, ki ɗaga murya ya ce, "Me ya sa kike mini ihu?" Gaskiya ya faɗa, tazarar da ke tsakanin abin da yake ji da abin da yake damunsa ce ta ƙuntata.

Wannan ne dalilin da ya sa ƙananan na'urorin da ake sayarwa a kasuwa da shagunan intanet da araha ba sa yi wa tsofaffi amfani. Yawancinsu amsa-kuwwa ce kawai, suna ƙara komai daidai wa daida: ƙarar janareta, kukan akuya, ƙarar kwano, da maganar. Wasu ma ba su da iyakar ƙara, suna iya ƙara lalata ɗan jin da ya rage. Araha ba ta ado. Na'urar ji ta gaskiya tana ƙara inda aka rasa, ta bar inda ake ji, ta ɗaga magana mai sanyi, ta danne ƙara mai firgitarwa. Kuma ba ta san yadda za ta yi haka ba sai wani ya haɗa ta da kwamfuta ya saita ta bisa takardar gwajin Baba.

Kafin kamfani, siffar na'urar. Mutane suna son ƙaramar da take ɓuya cikin kunne don kada a gani. Ga mai shekara 76 ba na ba da shawararta sai da dalili. Ki dubi hannun Baba: yana rawa? Yana iya sa maɓallin riga ko zura zare a allura? Idonsa fa? Ƙaramar na'ura batirinta bai kai ƙwayar wake ba, dauɗar kunne tana toshe ta da wuri, kuma ba ta da ƙarfin da za ta ɗauki rauni mai tsanani. Akwai wadda take zama a bayan kunne da siririyar waya mai kai ƙaramar lasifika cikin kunne; ita ce ta fi yawa a duniya yanzu, tana da daɗin sawa, ta dace da rauni ƙarami zuwa matsakaici, amma lasifikar tana zaune inda gumi da dauɗa suke, ita ce ta fi saurin lalacewa. Sai ta uku, wadda duk injinta yake bayan kunne, sauti ya bi ta bututun roba zuwa matoshin da aka zuba daidai da kunnen mutum. Ta fi girma, amma ta fi ƙarko, ta fi sauƙin riƙewa, ta fi ƙarfi, bututun kuma in ya bushe ana canza shi da kuɗi kaɗan. Ga dattijon da yake zaune a garin da ake ƙurar hunturu wata uku da zafin bazara, ita nake fara dubawa, musamman in gwajin ya nuna desibel 60 ko fiye.

Yanzu ga kamfanonin. Ko da kin ga sunaye da yawa, manyan gidaje biyar ne suke ƙera mafi yawan na'urorin ji na duniya. Sonova ta ƙasar Suwizalan ita ce mai Phonak da Unitron. Demant ta Danmak ita ce mai Oticon da Bernafon. WS Audiology, wadda ta samu a 2019 da haɗewar Widex da Sivantos, ita ce mai Signia, Widex da Rexton. GN, ita ma ta Danmak, tana da ReSound da Beltone. Sai Starkey ta Amurka. Duk biyar ɗin suna yin kaya masu kyau, kuma babu wanda zai ce miki da gaskiya ɗaya ta fi sauran ga kowane kunne.

Phonak tana da abubuwa biyu da suka shafe mu kai tsaye. Na farko, sun daɗe da suna wajen rauni mai tsanani, jerin na'urorinsu mai suna Naída don haka aka yi shi. Na biyu, irin Bluetooth ɗin da suke amfani da shi yana haɗuwa da kusan kowace waya mai Bluetooth, har da ƙaramar waya mai madannai. Yawancin sauran kamfanoni suna haɗuwa kai tsaye ne da iPhone da wasu zaɓaɓɓun wayoyin Android, kuma ba lallai wayar Baba tana cikin jerin ba. In babban burin gidanku shi ne Baba ya riƙa jin Yaya in ya kira daga Ingila, wannan ba ƙaramin abu ba ne, don muryar za ta shiga kunnuwansa biyu kai tsaye. Suna kuma da ƙaramin makirufo mai suna Roger da ake ajiyewa kusa da mai magana, amma yana da tsada.

Oticon tsohon gida ne. Hans Demant ya kafa shi a 1904, kuma matarsa ce take da raunin ji. Tun daga na'urarsu Opn ta 2016 suka ɗauki wata hanya: maimakon na'ura ta kama wanda ke gabanka kawai ta rufe sauran, sai ta bar sautin kewaye a buɗe ta rage hayaniyar da ke tsakani. Wannan yana yi wa dattijon da yake zaman majalisa a ƙofar gida daɗi, inda magana take fitowa daga dama da hagu. Wasu kuma, musamman waɗanda suka daɗe cikin shiru, sukan ce sautin ya yi musu yawa a farko, sai an rage. Don rauni mai tsanani suna da Xceed.

Signia ita ce tsohon sashen na'urar ji na kamfanin Siemens. In kin taɓa ganin wani dattijo da na'ura mai sunan Siemens, zuriyarta ce. An sayar da sashen a 2015, sunan ya canza daga baya. Abin da suka fi tallatawa shi ne yadda na'urar take gane muryar mai ita ta sassauta ta. Kada ki raina wannan. Ƙorafin farko da nake ji daga sabon mai na'ura shi ne, "Muryata kamar ina magana a cikin randa." Ga mutumin da yake karatun Alƙur'ani da babbar murya bayan asuba, ko yake jan salla a masallacin unguwa, jin muryarsa yadda ya saba yana iya zama abin da zai sa ya riƙe na'urar ko ya ajiye ta.

Sauran ukun a taƙaice. Widex ana yabonta da sauti mai kama da na asali, kuma tana da wasu sautuka masu laushi da ake kira Zen don masu fama da ƙugi a kunne. ReSound ce ta fara fitar da na'urar da ke haɗuwa da iPhone kai tsaye a 2014, manhajarta ta waya tana da sauƙi, kuma Enzo ce tasu ta rauni mai tsanani. Starkey ta ƙware a na'urorin da ake zubawa daidai da ramin kunne, kuma wasu nata suna gane in mutum ya faɗi su aika wa iyali saƙo, sai dai hakan yana buƙatar babbar waya mai data a kusa da shi koyaushe. Kada kuma ki yi watsi da Unitron, Bernafon ko Rexton in su ne ake da su a kusa. Daga gidaje ɗaya suke fitowa, sau da yawa da rangwamen farashi.

Kowane kamfani yana sayar da na'ura iri ɗaya a matakai uku ko huɗu, daga na ƙasa zuwa na ƙoli, jiki ɗaya, bambancin yana cikin manhajar da ke sarrafa hayaniya. A Amurka guda biyu sukan kama daga wajen dala 2,000 zuwa 7,000, kuma mataki ne yake kawo mafi yawan wannan tazara. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Memphis, aka wallafa a 2016, ya ba tsofaffi masu rauni ƙarami zuwa matsakaici na'urorin ƙoli da na ƙasa suka yi rayuwarsu da su, kuma ba a sami wani bambancin kirki ba a yadda suke fahimtar magana a yau da kullum, muddin an saita su da kyau. Abin da nake gani ke nan ni ma. In Baba rayuwarsa gida ce, masallaci, da zaman ƙofar gida, matakin ƙasa ko na tsakiya ya ishe shi. Gara a sayi guda biyu na tsakiya da a sayi guda ɗaya ta ƙoli, domin in kunnuwan biyu sun raunana, da biyu ake gane inda sauti ya fito, da biyu kuma ake tsamo magana daga cikin hayaniya. Ga mai tsallaka titi cikin babura, sanin ta ina ƙara take zuwa batun tsira ne.

Maganar aikowa daga waje ita ce na fi so Yaya ya karanta. An taɓa kawo mini wani dattijo da na'urori biyu sababbi da ɗansa ya aiko daga Turai. Kaya masu kyau, amma wani babban shago ne ya sayar da su da sunansa, ya kulle manhajar, ba mai iya saita su sai reshen shagon. Na haɗa su da kwamfutata suka ƙi buɗewa. Dattijon ya zauna yana kallona, ɗan kuma yana kan waya yana tambaya ko akwai dabara. Babu. Har yau abin yana damuna, don ɗan ya kashe kuɗi da zuciya ɗaya. Haka kuma na'urorin da hukumar lafiya ta Ingila take bai wa mazauna ƙasar aro ne, mallakarta ne, ba a ba da su don a aika wa wani. Garanti ma sau da yawa a ƙasar da aka saya yake aiki, wanda ya shafi ƙasashen waje ya fi gajarta.

Don haka ki juya tsarin. Ki fara nemo masanin ji da Baba zai iya zuwa wurinsa ba tare da wahala ba, a Zariya, Kaduna ko Kano, ki tambaye shi wane kamfani yake da manhajarsa da na'urar haɗa shi da kwamfuta, wane ne yake da kayan gyaransa a hannu, kuma in ta lalace ina ake kai ta, kwana nawa take yi. Ki tambaya ko yana yin awon cikin kunne, wato ya zura siririn bututu kusa da dodon kunne ya auna ainihin sautin da na'urar take kaiwa, don ramin kunnen kowa daban ne, lissafin kwamfuta kaɗai yana iya kuskurewa. Ki tambaya ko akwai lokacin gwaji da za a iya mayarwa, da kuma ko kuɗin ya haɗa da dawowa gyaran saiti. Da ɗan gari akan ci gari. In ya ce Phonak yake yi, Phonak ɗin ce ta fi wa Baba. In Signia ce ko Oticon, haka nan. Yaya ya turo kuɗin a saya a nan, ko in dole sai daga can, masanin ya rubuta masa ainihin suna da lambar na'urar, ya tabbatar ba a kulle take ba, ya haɗo da matatun dauɗa da robobin kunne na shekara guda.

Batir ko caji? Mai caji tana da sauƙi ga hannun tsoho: a ajiye ta a mazauninta da dare, cajin awa uku zuwa huɗu ya kai ta yini. Amma ki yi wa kanki gaskiya game da wutar unguwarku. In akwai sola ko fawa bank da wani zai kula da shi kullum, to madalla, akwai ma caja mai ajiye wuta a cikinta ta kwana biyu ko uku. In babu, mai batir ta fi kwanciyar hankali. Batiran suna da lamba da launi iri ɗaya a duk duniya: 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Na 13 yakan yi mako ɗaya zuwa biyu, na 675 ya fi haka, kuma su biyun sun fi sauƙin kamawa da yatsa. Da iska suke aiki, don haka in an ɓare takardar da ke bayansu a jira kamar minti ɗaya kafin a sa, kuma kada a ɓare sai za a yi amfani. Ina roƙonki ki ɓoye su daga jikoki. Yaro in ya haɗiye irin wannan batir, ko ya cusa a hanci, asibiti za a nufa nan take.

Akwai abubuwan gidanmu da takardar kamfani ba za ta gaya miki ba. Baba yana alwala sau biyar a rana, kuma shafar kunne tana ciki. Ko an rubuta IP68 a kwalin, wato tana jure ƙura da ruwa, ya cire ta kafin alwala, ya bushe kunnen, sannan ya mayar. A samar masa ƙaramin gwangwani mai murfi da zai riƙa sawa a aljihun riga, don a bakin famfon masallaci ake yawan ɓatar da su. Hula ko rawani in ya rufe makirufo zai sa ta yi fito ko ta riƙa ƙarar gogayya, don haka ranar saiti ya je da hular da ya saba sawa. Da damina a riƙa kwanar da ita a cikin gwangwanin busarwa mai ƙwayoyin tsotse laima, da hunturu kuma a share ta kowane dare da busasshen ƙyalle da ɗan burushinta. Kada a bar ta a rana ko a cikin mota. In aka kula da ita haka takan yi shekara biyar ko fiye.

Makonnin farko za su yi wa Baba wuya, ki shirya masa zuciya tun yanzu. Ƙwaƙwalwar da ta shekara uku ba ta ji takun takalmi da ƙarar cokali ba za ta ɗauke su hayaniya. Ya fara a cikin gida, da mutum ɗaya ko biyu, yana ƙara awoyi kullum har ya kai ga sawa daga safe zuwa dare. Kasuwa da taron biki su jira. Lasifikar masallacin Juma'a tana iya yi masa yawa, a nemi masanin ya sa masa saiti na musamman da zai danna in ya shiga. Ki riƙa rubuta ƙorafinsa da kalmominsa, "kwano yana sara mini kai", "muryar Hajiya tana da ƙarfe", ki kai wa masanin bayan mako biyu, don da irin waɗannan kalmomi muke sanin inda za mu taɓa. Sau biyu ko uku ana komawa kafin ta zauna.

Ku ma a gida akwai naku. Na'urar ba za ta mayar da kunnen ɗan shekara 20 ba. A kira sunansa kafin a fara magana, a fuskance shi inda haske yake kan fuska, a rage rediyo, a yi magana a sarari ba tare da ihu ba, in bai gane ba a canza kalmar maimakon a maimaita ta da ƙarfi. Kuma kada a kawo masa na'urar a matsayin abin da aka yanke a bayansa. Ki zauna da shi ki tambaye shi abin da ya fi kewa, ko tafsirin azumi ne, ko labarun safe, ko muryar autar jikokinsa, ki gaya wa masanin wannan a ranar farko don a fara saitin daga nan. In kin karɓo takardar gwajin, ki ɗauki hotonta ki tura wa Yaya, ku ajiye kwafi biyu a gida, a kuma sake gwajin duk shekara.